Molo Cikin Madubi

Ran da Mai Aski ya ji cewa Baba Tsirkiya zai bar unguwar, sai da ya zabtare wa Direba rabin gashin baki.

"Kai, kai, kai! Me na yi maka?" Direba ya zabura daga kan kujera da ƙyallen aski a wuya, yana leƙa madubi. "Dubi yadda ka mai da ni, kamar ɓera ya ci ya rage!"

"Yi haƙuri, hannu ne ya goce."

"Tun da nake zuwa shagon nan hannunka bai taɓa gocewa ba."

Gaskiyar Direba ce. Amma kuma tun da aka buɗe shagon ba a taɓa kawo masa labari mai ɗaci irin wannan ba. Wadda ta kawo shi tana tsaye a bakin ƙofa da makullin mota a hannu, 'yar Baba ce, nas a wani babban asibiti can nesa. Ta ce tsohon ya zame a matakalar bene, Allah ya kiyaye bai karye ba, amma ita ta gama magana: ƙarshen wata za ta zo ta ɗauke shi ya koma wurinta.

Shi kuwa wanda ake maganar a kansa yana zaune a inda ya saba, a kan bencin jira, ƙarƙashin fanka, yana gyara tsirkiyar molonsa kamar ba da shi ake ba. Baba Tsirkiya tsohon makaɗi ne da ya daina yawon kiɗa tun tuni. Kansa fes yake, ko sili ɗaya babu, gemunsa kuma da kansa yake datsewa, don haka shekara da shekaru yana zuwa shagon aski bai taɓa hawa kujerar aski ba. Fanka yake zuwa sha, da hira, da shayin da matar Mai Aski take aikowa daga shagonta na kayan masarufi da ke maƙwabtaka. In ya riƙe kofin, yatsansa ɗaya na hagu, na kusa da ƙaramin, yakan miƙe sanƙarau, har Direba yana tsokanarsa wai shan shayin manya yake yi. In rana ta yi sanyi sai ya ɗora molon a cinya ya yi ta kaɗawa, Mai Aski yana aikinsa yana kallonsa ta madubi.

Akwai kiɗa ɗaya da yake rufe yini da shi. Ba shi da suna, 'yan shagon suna ce masa "na yamma". Tsohon kiɗa ne mai tafiya a hankali, wanda Baba ya ɗauka a hannun kawunsa, kawun kuma ya ɗauka a hannun wani da ko sunansa ba a tunawa. Can wajen tsakiyarsa akwai inda molon yake ɗan yin shiru, Baba ya cike gurbin da hanci, ya yi "mmm", sannan yatsu su ci gaba. Mai Aski ba ya haɗa wannan wuri da komai a duniya. In aka zo nan almakashinsa yakan tsaya cak a sama, ko kan wa yake kai.

"To molon fa?" ya tambayi Nas.

"Yaya, ai na riga na samar masa ƙusa a falo. Zai yi kyau a bango. Hannun Baba hutu yake so."

"Na yamma fa?"

Baba ya ɗaga kafaɗa yana dariya. "Ɗan nan, ni kaɗai na rage mai shi. In na tafi ya tafi. Ba shi ne kiɗa na farko da ƙasa ta ci ba."

"A ɗauka a waya mana," in ji Direba.

"Wayar tana da yatsu?" in ji Baba.

Mai Aski ya ajiye almakashi. Bai san lokacin da maganar ta fito daga bakinsa ba. "Ni zan koya."

Direba ya yi dariya har da buga cinya, ya manta da gashin bakinsa. Mutum da furfura a kai, wanda ko tafi ya yi sai ya saɓa da na jama'a! Nas ta yi murmushi ta ce Allah ya ba da sa'a. Baba kaɗai ne bai yi dariya ba. Ya dubi Mai Aski sama da ƙasa ya ce, "Ba a fafe gora ranar tafiya, amma tunda ka ɗauko wuƙa, bismilla. In ka kaɗa mini shi daga kai har wutsiya kafin yarinyar nan ta dawo, molon nan naka ne. In ka kasa, ƙusa ta ci riba."

Washegari Baba ya zo da molo biyu: tsohon nasa da ya yi baƙi don shan hannu, da wani ɗan ƙarami da ya haɗa da kansa, wanda yake kira ƙanen. Da rana ta raba, lokacin da ba kowa a shago, suka jawo kujeru biyu suka zauna suna fuskantar juna, gwiwa da gwiwa.

"Tsirkiya uku ce kacal," in ji Baba. "Ba tara ba, ba goma ba. Hagu ta danne a wuya, dama ta kaɗa a ciki. Dubi hannuna ka yi yadda na yi."

Mai Aski ya duba, ya yi. Baba ya ɗaga hannun dama, shi ya ɗaga na hagu. Baba ya matsa yatsa sama, nasa ya gangara ƙasa. Abin da ya fito daga cikin ƙanen molon, wallahi ko akuya aka taka wa wutsiya ta fi shi daɗin murya.

"Ɗaya hannun, ɗan nan!"

"Wanne?"

"Wanda kake cin abinci da shi! Ko shi ma sai an nuna maka?"

Haka aka yi ta fama. Yatsun Mai Aski suka yi bororo, suka fashe, suka sake yin wani. Mutumin da zai iya zagaye kunnen jariri da aska ba tare da ya farkar da shi ba, ga shi ya kasa danne zare uku. Abin yana ci masa rai ƙwarai. A gida yakan zauna a bakin gado ya yi ta ƙwanƙwasa ƙanen molon har matarsa ta leƙo ta ce, "Maigida, don girman Allah ka sake shi haka, ko laifi ya yi ai ya horu." Masu zuwa aski suka samu abin yi. Wani ya ce a rage masa kuɗin aski saboda wahalar kunne. Direba ya shigo da auduga a kunnuwa, ya zauna da fuskar mutumin kirki kamar bai yi komai ba.

Wata ya raba tsakiya, ko kan kiɗan bai kama ba. Baba ya daina faɗa, kuma wannan ya fi faɗan ciwo. Wata rana ya ajiye molo a gefe, ya shafa kansa ya ce a hankali, "Bar shi, ɗan nan. Ka yi iya yinka. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi."

Mai Aski ya ji ƙwalla tana neman kunyata shi. Ya miƙe ya juya wa tsohon baya, ya tsaya gaban madubi yana goge injin askin da ba abin da ya same shi. Daga nan yake magana, idonsa a kan Baba na cikin madubi.

"Baba, wallahi ina jin sa a kaina. Na san inda kowane yatsanka yake sauka. Amma da na zauna a gabanka sai komai ya birkice mini."

Matarsa tana bakin ƙofa da butar shayi, ta ji duka. Ta dubi mijinta, ta dubi madubin, sai ta fashe da dariya har shayin ya kusa zubewa.

"Ikon Allah! Baba, ai laifinka ne da ka zauna a gabansa. Mutumin nan bai san mutane ta gaba ba. Ni nan, ran da ya ce yana sona, madubi ya gaya wa. Na kawo ƙanena aski, ina zaune a bencin nan, ya ba ni ƙeya ya yi ta zuba zance. Har yau in ina son magana ta shige shi, bayansa nake tsayawa."

"Ke dai ba kya rufa wa mutum asiri," in ji Mai Aski.

"Asirin me? Koma bencinka, Baba. Kai kuma hau kujerar nan ka kalli inda ka saba kallo."

Aka yi yadda ta ce, don ba a musu da ita. Baba ya koma ƙarƙashin fanka. Mai Aski ya hau kujerar aski da ƙanen molon a cinya, ya ɗaga ido. Ga Baba can a kusurwar madubi inda yake kullum, damansa a ɓangaren dama, hagunsa a ɓangaren hagu, daidai da nasa hannuwan. Tsohon ya lumshe ido kamar yadda yake yi duk sanda zai kaɗa, don a cewarsa kunne ne alƙali, ido ɗan kallo ne. Ya kaɗa tsirkiyar farko.

Yatsun Mai Aski suka bi shi.

Ba wai sun bi shi tiryan-tiryan ba ne. Sun yi tuntuɓe, sun yi ɗingishi. Amma sun san hanya, kamar jakin da ya daɗe yana bin ubangidansa kasuwa. Ashe duk shekarun nan da yake aski yana satar kallo, hannunsa yana ajiye abin bai gaya masa ba. Suka kai ƙarshen kan kiɗan tare, molo biyu murya ɗaya.

Baba bai buɗe ido ba. Ya ce, "Wa ya shigo?"

"Ni ne, Baba."

"Ƙarya kake. Sake mu ji."

Daga ran nan shagon ya zama makaranta. Kowace rana, da zarar kujera ta samu sarari, Mai Aski zai haye ta, su yi ta bi tare, tsohon a benci ido a rufe, ɗalibin a kujera ido a madubi. Bai bar komai ba. Yadda Baba yake karkata kai, ya ɗauka. Yadda yake buga diddige a ƙasa, ya ɗauka. Bororon yatsunsa ya zama kanta. Direba ya cire audugar kunnensa ba tare da an roƙe shi ba, har ya fara cewa shi dama tun farko ya san za a rina.

Ranar tafiya ta zo. Motar Nas tana ƙofar shago, an cika bayanta da akwati da katifa da tsohuwar rediyon Baba. Da rana ta yi sanyi Mai Aski ya kori mai jiran aski na ƙarshe da haƙuri, matarsa ta rufe shagonta ta shigo, Direba ya kama wuri a bakin taga. Yau ba bi tare. Yau shi kaɗai zai kaɗa.

"Baba, bisa kujera," in ji Mai Aski, ya karkaɗe ta da tawul.

"Me za ka aske?"

"Yau dai ka hau ta, ko don a ce ka taɓa."

Tsohon ya hau yana gunaguni, ya jingina, ya lumshe ido. Mai Aski ya zauna a bencin jira, a daidai gurbin da zaman Baba ya lotsa. Ya ɗora ƙanen molon a cinya. Ya dubi madubi, ya ga kansa a kusurwar da ya saba ganin wani, sai hankalinsa ya kwanta. Ya fara.

Kiɗan ya tafi sumul. Kai ya karkata, diddige yana bugawa. Da aka zo tsakiya, molon ya yi shiru, yatsan Mai Aski na kusa da ƙaramin ya miƙe sanƙarau, ya cike gurbin da hanci: "Mmm."

Matarsa ta toshe baki da mayafi, dariya ta ƙi toshuwa. "Wayyo cikina! Baba, don Allah buɗe ido ka ga kanka. Saura sanƙon kawai!"

Baba ya buɗe ido yana murmushi. "Maimaita wurin in gani."

Mai Aski ya koma baya kaɗan ya sake zuwa. Shiru, yatsa a miƙe, "mmm".

Murmushin ya bar fuskar tsohon. Ya matso da fuskarsa kusa da madubi.

"Me ya samu yatsanka?"

"Ba komai, Baba."

"To me ya sa ka miƙe shi kamar mai nuna hanya? Kuma kukan me kake yi da hanci?"

Mai Aski ya dubi matarsa, ya dubi Direba. "Ai haka kiɗan yake. Haka kake yi."

"Ni?"

"Kullum, Baba. Nan ne ma wurin da ya fi daɗi."

"Wurin nan akwai sauti! Yatsan nan yana sauka a tsirkiyar tsakiya, can ƙasa. Shi ne ƙashin bayan kiɗan gaba ɗaya! Ba ni nan in nuna maka."

Ya karɓi tsohon molonsa daga hannun Nas, ya kaɗa, wannan karon idonsa a buɗe, yana kallon tsohon da ke cikin madubi. Aka zo wurin. Yatsan ya tsaya a miƙe bai ko motsa ba, molon ya yi shiru, hancinsa ya yi "mmm" da kansa. Baba ya tsaya. Ya ɗaga hannun hagunsa yana juya shi, kamar yau aka ba shi aronsa.



"Baba," in ji Nas a hankali, "tun Mama tana da rai yatsan nan ya daina lanƙwasuwa. Na zaci ka sani."

"Na san ba ya riƙe kofi. Ban san ya daina kiɗa ba." Ya shafa yatsan. "Ni ina jin sautin. Wallahi kullum ina jin sa."

Tausayin tsohon ya kama Mai Aski har ya rasa inda zai sa idonsa. Ga shi ya yi wata guda yana wahala, ashe gurgun kiɗa ya koya, kuma motar tafiya tana ƙofa.

Sai Baba ya tuntsire da dariya, irin wadda take zuwa da hawaye. "Gwano ba ya jin warin jikinsa! Na ce ka koyi kiɗa, ka je ka koyo ciwona. Da na yi tari a wurin, da shi ma ka haddace!" Ya sauko daga kujera da ƙyar, ya zagaya bayan benci, ya tsaya a bayan Mai Aski yadda mai aski yake tsayawa a bayan mutane. Ya ɗora masa tsohon molon a cinya. Ya kama yatsan nan da hannunsa na dama, ya lanƙwasa shi, ya kai shi can ƙasan wuyan molon, ya danna a kan tsirkiyar tsakiya.

"Kaɗa."

Mai Aski ya kaɗa.

Sauti ne siriri, mai zaƙi, ya ɗan yi rawa kafin ya lafa. Ba wanda ya taɓa jin sa a shagon nan. Hannun Baba ya yi nauyi a kafaɗar Mai Aski.

"Kawu," in ji tsohon, can ƙasa-ƙasa. "Ashe kana nan."

Nas ta juya tana neman wani abu a jakarta da ba ta sa a ciki ba. Direba ya fyace hanci da ƙarfi ya ce fankar nan tana tayar da gashi.

"Daga farko," in ji Baba, ya share ido da bayan hannu, ya ɗauki mataji daga kan teburi.

Aka ɗauko daga farko. Da aka zo wurin, yatsan Mai Aski ya miƙe da kansa, don sabo. Mataji ya sauka a kan yatsan, ƙwas!

"Lanƙwasa shi! Naka lafiyarsa ƙalau!"

Aka sake, ƙwas! Aka kuma sakewa. Nas ta dubi agogo, ta dubi ubanta, ta mayar da makullin mota cikin jaka ta samu wuri ta zauna. Sai da yatsan ya gaji da shan mataji sannan ya sauka inda aka ce, kiɗan ya wuce ta kansa bai tsaya ba, ya tafi har wutsiya. Baba yana tsaye a baya, ido biyu, bakinsa a rufe gam don kada hancin ya yi masa shisshigi.

Da sautin ƙarshe ya mutu, Mai Aski ya miƙa masa molon da hannu biyu. Baba ya ture shi.

"Na wa? Ba ni ƙanen dai, in je in ba ƙusar yarinyar nan haƙuri." Ya nufi ƙofa, ya waiwayo. "Kuma ka gyara wa bawan Allahn nan gashin baki, har yanzu ɓari ɗaya ya fi ɗaya."

Washegari da yamma bencin ya yi wa Mai Aski faɗi. Ya gama kan ƙarshe, ya share gashi, ya ɗauko tsohon molon ya zauna ƙarƙashin fanka. Matarsa ta kawo shayi, kofi biyu don mantuwa, ta miƙa wa Direba ɗayan. Ya fara na yamma yana kallon madubi. Da ya zo tsakiya yatsan ya lanƙwasa, ya sauka, siririn sautin ya fito cif. A daidai nan, ba tare da sun haɗa baki ba, matarsa da Direba da wani mai jiran aski suka yi "mmm".

Mai Aski bai hana su ba, ya ci gaba da kaɗawa.